Bayan buguwar kai, gani ya rikice: a yi jinya a Tahoua ko a kai shi Yamai?

Idan mutum ya faɗi da moto ya bugu a kai, kwanakin farko ba mai zancen ido. Addu'ar kowa ita ce ya farfaɗo, ya gane mutane, ya buɗe baki ya yi magana. Sai an sallame shi, ƴan dubiya sun ragu, sannan mutanen gida su fara lura da wasu abubuwa. Yana runtse ido ɗaya in zai dubi mutum. Yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Yana karo da ƙyaure, kuma kullum da kafaɗa guda. Ko ya ɗauki waya, bayan minti biyu ya kifa ta ya ce kansa na sarawa. Daga nan gida ke rabuwa biyu: wasu su ce a haɗa kuɗi a kai shi Yamai tun da wuri, wasu su ce a bar shi ya huta, da sannu zai dawo daidai. Wan da ke cin rani a Abijan ko Libiya ya bugo waya ya ce in ta kama a fita da shi waje, shi zai aiko da kuɗin.

Duk cikinsu ba wanda bai so majinyacin da alheri ba. Amma abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne inda ɓarnar take, domin matsalolin gani bayan buguwar kai ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda tafiya ke yi wa magani, akwai wadda lokaci kaɗai ke gyarawa, akwai wadda sai an koyi zama da ita, kuma kowace da irin kuɗin da ya dace a kashe mata.

Ƙwayar ido ɗaukar hoto kawai take yi. Jijiyar gani ce ke kai hoton ciki, ya ratsa ƙwaƙwalwa har can ƙeya, inda ake fassara shi. Kowane ido kuma tsokoki shida ke juya shi, jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Buguwa na iya taɓa kowane wuri a wannan doguwar hanya, idon kuwa lafiyarsa ƙalau, kamar ƙwan lantarkin da bai ƙone ba amma wayarsa ta tsinke a cikin bango. Shi ya sa mutum zai iya karanta allon haruffa har layin ƙasa, a ce masa idonsa lafiya, ya koma gida da wahalarsa. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Allon haruffa kaifin gani a tsakiya yake aunawa, ba ya auna faɗin gani ko haɗin kan idanun biyu.

Halin da babu zaɓi a cikinsa

Ciwon kai mai ƙaruwa maimakon raguwa, amai a kai a kai, barci mai nauyin da ake shan wuya kafin a tayar da mutum, jijjiga irin ta farfaɗiya, hannu ko ƙafa ta yi sanyi, baƙin tsakiyar ido ɗaya ya buɗe ya fi ɗayan girma, ruwa garau yana ɗiga daga hanci ko kunne: ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ba a zaman shawara. Asibiti mafi kusa za a nufa a wannan sa'ar, su su rubuta takardar turawa gaba. Jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai ya bayyana bayan makonni, musamman ga tsofaffi, har an manta da faɗuwar. A ɓangaren idon kansa kuma, ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawo, ko wani duhu da ke saukowa daga gefe yana rufe gani, alama ce tantanin bayan ido na ɓallewa, kuma kwanaki kaɗan ke akwai a cece shi. Jinin da ya kwanta a gaban baƙin ido ma na gaggawa ne, balle ga mai sikila, wanda hawan ruwan ido ke saurin lalata masa jijiya. Haka idon da ya yi ja ya turo waje, mai shi yana jin wata ƙara a kai daidai da bugun zuciya.

A duba takardar sallama. Sau da yawa akwai kalmar Glasgow da lamba a gabanta. Ma'aunin zurfin suma ne da aka fito da shi a 1974, daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 buguwa ce mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaiciya, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Wanda lambarsa ta yi ƙasa ya fi cancantar a kai shi inda likitocin ƙwaƙwalwa suke, ko da ya miƙe yana tafiya. Amma mai 15 ma yana iya kasa karatu wata da watanni.

Mai ganin abu biyu-biyu

Wannan ita ce wadda ta fi tayar da hankalin gida, kuma ita ce ta fi ba da fatan sauƙi. Gwajin farko a tsakar gida ake yin sa: ya rufe ido ɗaya da tafin hannu. In abin ya koma ɗaya, ko wane idon ya rufe, to idanun ne ba su saitu da juna ba. In ko da ido ɗaya yana ganin biyu, matsalar na cikin ƙwayar idon, kuma sashen ido na babban asibitin Tahoua ne wurin farawa.

Yadda hotunan biyu suka jeru yana nuna jijiyar da ta taɓu. In ɗaya na saman ɗaya ne, abin kuma ya fi muni in ya duba ƙasa, wajen sauka daga dakali ko karatun Alƙur'ani a cinya, galibi jijiya ta huɗu ce. Ita ce mafi siranta a jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tafiyarta cikin ƙoƙon kai kuma ta fi ta kowacce tsawo, don haka buguwa ke yawan samun ta. In gefe da gefe ne, ya fi tsanani in ya hangi nesa, ta shida ce. In fatar ido ta sauko ta rufe, idon ya karkata waje da ƙasa, ta uku ce. Akwai kuma wanda jijiyoyinsa lafiya, ƙashin kwarmin ido ne ya fashe ya maƙale tsoka. Wannan sai hoton sikana ya nuna, kada kuma ya riƙa fyace hanci da ƙarfi. In yaro ne da ke jin amai duk lokacin da ya yi ƙoƙarin duba sama, aikin ba ya jira.

Na ga wata uwa tana ta fama da ɗanta saurayi a kan yadda yake riƙe kansa. Ta ce, "Kai, miƙe wuyanka mana, kada ya sandare haka." Ya ce, "Inna, in na miƙe shi, ke biyu nike gani." Ƙwaƙwalwarsa ce ta nemo masa kusurwar da hotunan ke haɗuwa. A ƙyale shi da karkacewarsa, sai dai a faɗa wa likita ɓangaren da yake karkatawa, domin wannan ma bayani ne.

Hanyoyi uku ke gaban irin wannan majinyacin. Mafi araha ita ce rufe ido ɗaya: a samu tabarau mai farin gilashi, a manna salatif mai dishi-dishi a gilashi ɗaya. Nan take ganin biyu ya ɗauke, jiri ya ragu, mutum ya iya cin abinci da tafiya masallaci. Illarta, gane nisa na raguwa, sai ya koyi ɗora bakin buta a kan kofi kafin ya tsiyaya, ya riƙa lallaɓa matakala. Ga babba, rufe ido ba ya lalata shi. Ga yaron da bai wuce shekara bakwai ko takwas ba kuwa, idon da aka daɗe ana rufewa na iya zama rago har abada, don haka ba a yi wa yaro wannan sai da umarnin likitan ido.

Ta biyu ita ce gilashin firizim, wanda ke karkatar da haske ya haɗa hotunan biyu, mutum ya ci gaba da amfani da idanunsa duka. Sai an auna kusurwar karkacewar daidai kafin a rubuta shi, kuma a nan tafiya Yamai ke biyan kuɗinta. Sai dai a kula da abu guda. A watannin farko kusurwar na canzawa yayin da jijiya ke farfaɗowa, saboda haka firizim ɗin da aka sassaƙa cikin gilashi yau, bayan wata biyu zai iya zama bai dace ba, kuɗi sun tafi. Akwai na wucin gadi mai suna Fresnel, wata roba ce siririya da ake jiƙawa a manna a cikin gilashin, a ɓare a canza in kusurwa ta canza. Tana ɗan dusashe gani, ƙurar hunturu kuma na shiga layukanta, sai an riƙa wankewa. Duk da haka ita ta fi dacewa da lokacin jira, kuma ita zan ce a tambaya da suna.

Ta uku tiyatar tsokar ido ce, kuma a kanta nake roƙon iyalai su yi haƙuri. Da yawa daga cikin jijiyoyin nan suna farfaɗowa da kansu, gaba ɗaya ko wani ɓangare, cikin wata uku zuwa shida. Likitocin ido kan jira aƙalla wata shida, wani lokaci shekara, sai awo ya tsaya wuri ɗaya, sannan su taɓa tsoka. In aka yi gaggawa jijiyar ta farfaɗo daga baya, idon sai ya karkata ɗaya gefen. Don haka zama a Yamai wata uku ana jiran aiki ɓarnar kuɗi ce. Tafiya guda a auna a rubuta, jira a gida, tafiya ta biyu in wata shida ya cika ba sauƙi: wannan ya fi.

Wanda rabin duniya ya ɓace masa

Wannan ta fi ɓoyuwa, ta kuma fi haɗari. In buguwa ta taɓa hanyar gani a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, idanun biyu duka suna rasa gefen hagu, in hagu ta taɓa su rasa dama. Majinyaci kan ce idonsa na hagu ne ya mutu, alhali ko wane ido ya buɗe, gefen hagun babu. A zaunar da shi, a zauna gabansa, ya kafa ido a hancin mai gwajin, a riƙa shigo da yatsu masu motsi daga gefe. Za a ga a ɓangare ɗaya yana hango su tun daga nesa, a ɗayan kuwa sai sun kusa tsakiya. A asibiti akwai injin da ke zana taswirar faɗin gani a takarda, kuma wannan takarda tana da daraja, domin da ita za a kwatanta nan gaba.

Sauƙin da ke zuwa da kansa yawanci a wata ukun farko yake zuwa, bayan wata shida kuma da wuya a ga ƙari. Babu ɗigo ko ƙwaya da ke dawo da gefen da ya tafi. Abin da horo ke yi shi ne koya wa idanu su riƙa leƙa gefen da sauri, a kai a kai, har ya zama ɗabi'a. A nan gida ya fi Yamai nesa ba kusa ba, saboda aikin na kullum ne, na watanni, kuma a wurin da mutum zai rayu ya kamata ya koye shi. A watsa dabino ko ƴan kwalabe a faɗin tabarma a ce ya tattaro su duka, a ga nawa ya bari a gefen da ba ya gani. A fara da tsakar gida, sai layin unguwa da sassafe, sai kasuwa daga baya, mai rakiya yana tafiya a ɓangaren da ba ya gani. Minti goma sha biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda da za ta bar shi da ciwon kai.

Karatu yana da wani sirri a nan da ya shafe mu musamman. Boko daga hagu zuwa dama yake tafiya, Larabci da ajami daga dama zuwa hagu. Wanda ya rasa gefen dama, boko ke yi masa wuya, domin kalmar da ke gaba tana cikin duhu, amma yana iya samun Alƙur'ani ya fi masa sauƙin bi. Wanda ya rasa hagu kuma Larabci ke yi masa tsauri, a boko matsalarsa gano farkon layi ce. Jan layi mai kauri a gefen shafi da ɗora yatsa ko rula ƙarƙashin layi suna taimakawa sosai. A fara masa da rubutun da ya fi masa sauƙi, don kada ya yanke ƙauna tun a makon farko. Akwai wani firizim da wani masani a Amurka, Eli Peli, ya fito da shi a 2000, wanda ake mannawa sama da ƙasan gilashi ɗaya ya jawo kimanin digiri 20 na gefen da ya ɓace. Yana taimaka wa wasu wajen kauce wa karo, amma sai da koyo, kuma ba kowa ke jure shi ba. Ba abin da za a sayar da tunkiya a yi oda daga waje ba ne tun ba a gwada horon leƙe ba.

Akwai wata matsala mai kama da rasa rabin gani da ta fi ta nauyi. Za a ajiye wa majinyaci kwanon tuwo, ya cinye ɓangaren dama tas, ya tsame hannu ya ce a ƙaro, ga rabin tuwon nan a hagu bai taɓa ba. In aka juya kwanon sai ya ci gaba da ci. Zai sa hannu ɗaya a riga ya bar ɗayan, ya wanke rabin fuska a alwala. Mai rasa rabin gani ya san da matsalarsa, yana juya kai ya nema. Wannan kuwa ƙwaƙwalwarsa ta daina lissafi da gefen hagu gaba ɗaya, in ka faɗa masa ma musu zai yi. Yawanci rauni ne a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Ba taurin kai ba ne, ba kuma iska ba ce, kuma faɗa ba ya gyara shi. Irin wannan yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da kine, wato mai horar da motsin gaɓoɓi, su gan shi, su koya wa mai jinya yadda zai riƙa jawo hankalinsa hagu: a yi masa magana daga can, a taɓa hannun, a sa shi ya shafa shi da ɗayan. A nan ina goyon bayan tafiya, har ma a ɗan daɗe, muddin mai jinyar da zai dawo da shi gida shi ne ke shiga ɗakin horon tare da shi.

Karatu, waya da hasken rana

Mafi yawan masu buguwa mai sauƙi a nan suke. Idanu na kasa haɗuwa a kan abu na kusa, ko su kasa saita gani daga nesa zuwa kusa, sai haruffa su riƙa rawa, goshi ya ɗau ciwo. A riƙe biro a miƙe, a matso da shi hanci a hankali. Mai lafiya yana ganinsa ɗaya har ya rage kamar santimita 10 ko ƙasa da haka. In ya rabu biyu tun yana nesa, an gano matsalar. Wani tabarau na karatu kaɗai zai ishe shi, kuma ana iya auna masa a Tahoua. Wani sai da motsa idanu: bin bakin biro, ko zare mai duwatsu uku da ake riƙe wa a hanci a riƙa sauya kallo daga dutse zuwa dutse. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, a kan yara 221 masu wannan matsala, ya nuna kashi 73 cikin ɗari na waɗanda ƙwararre ya horar kowane mako sun samu sauƙi, masu bin biro a gida kaɗai kuwa kashi 43. Yaran nan ba masu buguwar kai ba ne, amma darasin na nan: hannun ƙwararre na da tasiri. In an je Yamai, a tambayi likitan ido ko akwai ortoptis, wato mai horar da motsin idanu, a koyi motsin a gabansa, a ɗauke shi a bidiyon waya don a riƙa bi a gida.

Haske kuwa, duk wanda ya san ranar Adar a watan Afrilu da Mayu ya san abin da mai ciwon kai ke sha. A waje, malafa da baƙin tabarau. A cikin ɗaki kuma a cire tabaran, domin idon da ya saba da duhu ƙara tsoron haske yake yi. Hutun da likitoci ke so yanzu kwana ɗaya zuwa biyu ne, daga nan a fara motsi kaɗan kaɗan. Kulle mutum a ɗaki mai duhu mako uku ba gata ba ne. A rage hasken waya, a ƙara girman rubutu, ƴan'uwa su riƙa turo masa saƙon murya a WhatsApp maimakon rubutu.

Idon da ya mutu tun ranar hatsarin

A kan wannan ne aka fi asarar dukiya, don haka zan faɗe ta yadda take. In buguwa, galibi a goshi ko gefen gira, ta lalata jijiyar gani kanta, idon na daina gani nan take ko ya dusashe ƙwarai. Likita na ganewa da tocila, daga yadda baƙin idon ke amsa haske, bayan makonni kuma kan jijiyar ya koɗe. Wasu na samun ɗan sauƙi da kansu a makonnin farko. Wani bincike na ƙasa da ƙasa a 1999, a kan mutum fiye da 120, bai ga fifiko bayyananne na allurar kotizon, wato maganin rage kumburi, ko tiyata a kan jira ba. A 2004 kuma babban gwajin CRASH, mai mutum 10,008 a ƙasashe 49, ya nuna kotizon mai yawa na ƙara mutuwa ga masu buguwar kai. Zuwa yau babu aikin da ke rayar da jijiyar ganin da ta riga ta mutu, ko a Tunisiya, ko Maroko, ko Indiya. In likitan ido ya duba ya tabbatar bayan watanni, kada a sayar da gona ko shanu don jirgi. Kuɗin a sayi tabarau mai gilashin roba mara fashewa don kare idon da ya rage, a tallafa masa da jari. In idanun biyu ne, Allah ya kiyaye, ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, tana Yamai, kuma koyon tafiya da sanda da amfani da waya mai karanta rubutu da murya shi ne abin da ya cancanci tafiyar.

Abin da kowace hanya ke ci

Daga Tahoua zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a kar. Ga mai jiri da ganin biyu, girgizar hanya da bishiyoyi masu wucewa ta taga azaba ce. A nema masa kujerar gaba, ya rufe ido ɗaya ko duka biyun, a riƙe ruwa da leda. Kuɗin kar shi ne ƙaramin abu. Babban shi ne masauki, abinci, taksi, jiran randebu, da mutum na biyu da ya bar aikinsa, in da damina ne kuma ya bar gonarsa. Abin da ake saye da wannan wahala shi ne haɗuwar ƙwararru a gari ɗaya: Asibitin Ƙasa, asibitin Lamorde a hayin kogi, babban asibitin Referans da aka buɗe a 2016, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da na ido, da injinan hoto. A tafi da takardar turawa, da hotunan sikana na farko, da duk takardun magani, da wanda ya iya karanta Faransanci. A samu randebu ta waya kafin a hau mota. A rubuta tambayoyi tun daga gida: wace jijiya ce, ana sa ran sauƙi ko a'a, me za a riƙa yi kullum, yaushe za a dawo. Kada a baro asibiti sai an karɓi awon a rubuce.

Sakkwato ta fi kusa, ƙasa da kilomita 100 daga Ƙonni, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Kano na da asibitin ido na ECWA tun 1943. Mai ƴan'uwa a can yana iya samun sauƙin masauki, harshe kuma ɗaya ne. Amma jinyar nan ta komawa ce, ba ta zuwa sau ɗaya ba, kuma mun ga yadda aka rufe iyaka daga 2023 har Maris 2024. Wanda ya fara a can ya karɓi kwafin kowace takarda, ya kuma yi tambaya kan lafiyar hanya kafin ya tashi.

Gida na ba da abin da asibiti ba ya iya bayarwa: ɗakin da ƙafa ta san kowane lungunsa, barci mai kyau, abincin da aka saba, mutanen da ba sa gajiya da maimaita abu ɗaya. Haɗarinsa kuma daga ƙauna yake fitowa. Za a ce, "Yaya, zauna, bari in miƙo maka," har ya daina nemo komai da idonsa, alhali neman shi ne horon. Maƙwabciya ta kawo ruwan ganye a ɗiga. Wani ya sayo ɗigon ido a kasuwa, wanda in da kotizon a ciki, yawan amfani da shi na hawar da ruwan ido ya kashe jijiyar da hatsari ya bari. Abokai su kawo tramol don ciwon kai, shi kuwa yana jawo jijjiga ga ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Addu'a da sadaka da rubutun sha ba su ci karo da komai a jinyar nan ba, a yi su da yawa. Idon dai kada a sa masa abin da likita bai rubuta ba.

Sai batun moto, wanda shi ne ake gudun faɗa. Yawancin samarin nan da kabu-kabu suke ci da iyali, kuma da zarar ƙafa ta yi ƙarfi za su nemi makulli. Mai ganin biyu, ko wanda bai jima da fara rufe ido ɗaya ba, bai kamata ya hau ba tukuna. Wanda ya rasa rabin gani kuwa, yaron da ya tsallako titi daga gefen nan ba zai gan shi ba sam, kuma buguwa ta biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ta fi ta farko muni. Wannan magana ba ta mata ko ƙane ba ce, ba zai ji daga gare su ba. Baba ko kawu ne zai zaunar da shi, a gaban takardar likita in da hali. Kuma kada a karɓe makullin hannu rabbana. A ba wani amintacce moton yana kawo balas kowace yamma, kuɗin su shiga hannun mai shi, a nema masa teburin sayar da kaya ko wani aikin zaune kusa da gida, a sa ranar da za a sake auna faɗin ganinsa bayan wata shida, a lokacin a sake duba maganar da takarda a hannu.